Na koma farantin baya, kayana sun rasa aljihu: wanne zan zaɓa?

Sabon_Fiffike ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu nutso. Shawara nake nema a kan aljihu.

Na ajiye rigar BCD irin ta falmaran, wato rigar da ake hura wa iska don daidaita shawagi a ruwa, na koma farantin baya da fiffike, wato faranti mai tauri da ake goya silindar iska a kai, haɗe da jakar iska a bayansa. Kwanciyata a cikin ruwa ta gyaru, ƙirjina ya samu sarari, to amma farantin ba shi da aljihu ko ɗaya. Ɗamara ce kawai mai faɗin santimita 5 da 'yan zobban D. Kayan da nake shiga da su kuwa ba su ragu ba: balan-balan ɗin alama, wato SMB, da ake turawa saman ruwa don a san inda mai nutso yake, kwarkwaro mai zaren mita 30, gilashin fuska na ko-ta-kwana, ƙaramin allon rubutu, almakashi da ƙaramar tocila. Yanzu duk a zobe nake rataye su suna reto. Da na matsa kusa da ƙasa sai kwarkwaron ya riƙa jan yashi, kuma abin da ya fi damuna shi ne kada wata rana ya daki murjani, ko ya sarƙe da zaren masunta.

Hanyoyi huɗu na gani: gajeren wando mai aljihu da ake ɗorawa a kan rigar nutso, aljihun cinya mai maɗauri da ke rataye daga ɗamara, aljihun da ake zurawa a ɗamarar kanta, sai kuma manna aljihu da gam a jikin riga. Rigar niyofirin, wato roba mai laushi kamar soso, nake sawa mai kaurin milimita 5, idan ruwan da ɗumi kuma mai 3. Silinda ɗaya nake goyawa, ba na wuce mita 30. Waɗanda suka riga ni, me kuka gani?

Dattijon_Ruwa ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, fara cire aljihun cinya mai maɗauri daga lissafinka, in gaya maka dalili. Niyofirin cike yake da ƙananan kumfan iska. A mita 10 matsin da ke kanka ya ninka na saman ruwa, a mita 30 ya zama ninki huɗu, rigar kuma sai ta motse ta yi siriri. Maɗaurin da ka ɗaure tamau a kan jirgi, kafin ka kai ƙasa ya yi sako-sako, aljihun ya juyo gaban cinya ko ya zille baya inda hannu ba ya kaiwa. Idan ka ƙara tamke shi a ƙasa, wajen hawowa rigar ta sake kumbura ya matse maka ƙafa. Masu maɗaurin roba sun fi dama-dama, amma ni ban taɓa ganin wanda ya zauna wuri ɗaya daga shiga har fita ba.

Ni mannawa nake yi, kuma ita nake ba kowa shawara. Ka sa rigar a jikinka, ka tsaya, ka saki hannunka a gefe. Inda tafin hannunka ya faɗi, nan bakin aljihun zai zauna, a gefen cinya sosai. Kada ka kawo shi gaba, domin idan ka kwanta a ruwa zai riƙa tare ruwa yana gogar ƙasa. Wani ya zana maka wurin da alli tun rigar tana jikinka, saboda a cire ba ta miƙe kamar yadda take a sanye. Ka wanke gishiri, ta bushe ƙarau, ka cusa wani abu mai tauri a cikin ƙafar rigar, ka shafa gam irin su Aquaseal, ka danne da nauyi ya kwana. Kusurwoyin sama biyu su ne ke fara ɗagowa, don su ke shan ja duk lokacin da ka buɗe murfi, sai ka ba su gam da kyau.

Aljihun da aka manna ba ya zamewa, ba ya juyawa, ba a manta shi a gida. Ko ido a rufe hannunka ya san inda yake.

Malama_Murjani ta rubuta:

Baba Dattijo, maganarka a kan maɗauri haka take. Amma ka duba, riga biyu ya ce yana da su. Idan mannawa ce sai ya sayi aljihu huɗu, kuma ranar da rigar ta tsufa ɓamɓare su ba tare da an yaga ba aiki ne. Ga mai sauya riga, ko mai tafiya yana karɓar ta haya, gajeren wandon ya fi. Kayan suna zaune a ciki, ka ɗauraye shi da ruwan daɗi, ka shanya, gobe ka zura a kan duk rigar da ka ga dama. Apeks da Scubapro da wasu kamfanoni duk suna yin sa.

Aibinsa ɗaya, kuma na gaske ne: yana saɓulewa. Lokacin hawa tsanin jirgi, aljihu biyu cike da ruwa, za ka ji yana janka ƙasa. Don haka ka gwada shi a kan rigarka mai 3, ba mai 5 kaɗai ba, ka zaɓi wanda ya ɗan kama ka kuma yake da bel na ƙugu. Ka duba ƙasan aljihun akwai hudojin zubar ruwa. Maɗaurin farantin da ke bi ta tsakanin ƙafafu ya hau ta kan wandon, shi ma yana taimakawa wajen riƙe shi.

Abin da nake so ɗan uwa ya fi mayar da hankali a kai shi ne cikin aljihun, ko wanne ya saya. Dole ya kasance da zagayen igiyar roba a ciki, kowane kaya kuma da ƙugiyarsa mai sakata, maƙale a robar. Dalili: kana mita 20, sanye da safar hannu, ka zura hannu neman allo, sai gilashin ko-ta-kwana ya biyo shi ya fice ba ka ji ba. Idan komai a maƙale yake, sai ka zazzago kayan duka waje su yi lilo a robar, ka kalla, ka cire wanda kake so, ka mayar da sauran. Ina sa ɗalibaina su yi wannan a ruwa marar zurfi har sai sun iya ba tare da sun tashi daga kwance ba. Za ka yi mamakin yadda mutum ke hawa mita ɗaya ko biyu bai sani ba, don kawai ya sunkuyar da kai yana leƙen aljihu.

Murfi kuwa, na Velcro, wato mai manne da kansa in an danna, na fi so a kan zif. Yashi da gishiri suna cije zif, ɗan kansa kuma wuyar kamawa gare shi da safar hannu mai kauri. Velcro yana tsufa, amma ana ɗinka sabo.

Mai_Dogon_Tiyo ya rubuta:

Ni abin da na gani shi ne kayanka shida, biyu ba na aljihu ba ne. Tocilar ko-ta-kwana a zoben ƙirji take zama, ka maƙala ta, ka danne kanta da zoben roba a jikin maɗaurin kafaɗa, ba za ta yi reto ba. Almakashi kuma a kubensa a ɗamara, ta gaba, inda hannun dama da na hagu duk za su kai. Ranar da zare ya naɗe ka, wataƙila hannun da ke kusa da aljihun ne ya ɗaure. Wannan tsari ne na masu nutson kogo na Fulorida a Amurka, wanda ake dangantawa da William Hogarth Main, ƙungiyar horar da masu nutso ta GUE kuma ta ɗauke shi tana koyarwa. Ba sai kana shiga kogo zai yi maka amfani ba.

Aljihun ɗamara yana da kyau ga abu ɗaya ƙarami, kamar gilashi. Babba yana tokare cinya, yana kuma rufe zoben ƙugu na hagu inda agogon da ke nuna sauran iskar silinda yake rataye. Masu dogon tiyon numfashi na mita 2.1 da ba su da batirin fitila a ƙugu sukan sa ƙarami a dama don su soke tiyon a ƙarƙashinsa.

Sannan ka guji ƙugiyar nan ta masu hawan dutse, mai baki da ke buɗewa da an danna. Zare yana shiga cikinta da kansa, kuma ba ya fita da kansa. Mai sakata ka nema, ta ƙarfen da ba ya tsatsa, ka ɗaure ta a jikin kaya da zare, yadda za a iya yankewa idan ta cije.

Dattijon_Ruwa ya rubuta:

Malama, na yarda, riga biyu hujja ce. Ni dai ina nan a kan gam ga mai riga ɗaya.

Ƙari biyu, ɗan uwa. Kada ka cusa kaya a aljihun dalmar da ke ba ka nauyin nutsewa. An yi shi ne don a yar da shi cikin gaggawa, duk abin da ke ciki tare za su tafi. Na biyu, ka haɗa balan-balan da kwarkwaronsa tun kana kan jirgi, ka naɗe su su zama abu ɗaya, su kaɗai a aljihu guda. Gilashi da allo su tafi ɗayan. Abin gaggawa, irin gilashin ko-ta-kwana, ya fi dacewa da dama, domin idan ka ci gaba har ka fara rataya ƙarin silinda, a hagu ake rataye ta, tana kuma tare wancan aljihun. Inda ka sa abu yau, nan za ka sa shi kullum, kuma ka faɗa wa abokin nutsonka kafin ku shiga.

Sabon_Fiffike ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Wandon zan nema, in gwada shi a kan mai 3 kamar yadda Malama ta ce. Tocila da almakashi na riga na mayar da su jikin ɗamara. Gilashi da allo za su shiga dama, balan-balan da kwarkwaro hagu.

Saura tambaya ɗaya, Malama: gilashin ko-ta-kwana, a ina kike ɗaura masa ƙugiya, a maɗaurinsa ko a jikin firam ɗin? Nawa maɗaurin silikon ne, ina tsoron kada sakatar ta riƙa cin sa.