Wanda ya taɓa saka kuɗinsa a hannun jari a nan Gombe, ya zo ya faɗa mana yadda ta kaya

Ma'aikacin gwamnati, Tumfure:
Assalamu alaikum jama'a. Wata biyu ke nan da muka sayar da gonar gado a Kumo, kasona ya kama naira miliyan huɗu da 'yan kai. Kuɗin suna banki, kullum kuma zagwanyewa suke yi, domin abin da za su saya min yau ba za su saya bayan sallah ba. Wani abokin aikina ya matsa min da maganar hannun jari, wai tun 2023 kasuwar Legas take hawa, kamfanonin siminti da na magani suna samu, wasu ma na Amurka suke saye ta waya. Abin da ya riƙe min ƙafa shi ne akwatin marigayi Baba. Akwai satifiket shida na hannun jari a ciki da ya saya a 2007, kuma har Allah ya karɓi abinsa ba ya son a ta da zancensu. Don Allah wanda ya taɓa sa kuɗinsa, ko ya ci ko ya faɗi, ya ba mu labari.

Tsohon malamin makaranta, Bolari:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa. Ɗana, na san takardun nan, don irinsu suna cikin jakata.

A 2004 gwamnan Babban Banki na lokacin, Charles Soludo, ya ce kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25. To daga nan suka bazama neman kuɗin talakawa. Har ɗakin malamai ake kawo mana fom. A 2007 na sayar da bijimai biyu, na haɗa da kwasar adashina, na zuba naira dubu 380 a bankuna biyu. Kowace safiya sai na tsaya wurin mai jarida na buɗe shafin farashi kafin in wuce makaranta. Cikin 'yan watanni kuɗina sun kusa ninkawa a takarda, har na fara lissafin kwanon da zan rufa ɗakuna biyu da shi.

A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar, wato lambar da ke nuna hawa da saukar farashin hannayen jari gaba ɗaya, ya haura 66,000. Kafin shekarar ta ƙare ya dawo wajen 31,000, farkon 2009 kuma ya gangaro kusan 20,000. Mu muna Bolari, ashe wutar daga gidajen Amurka ta taso. Bankunansu sun yi ta ba da bashin sayen gida ga mutanen da ba za su iya biya ba, abin ya rushe, bankin Lehman Brothers ya durƙushe a watan Satumba, Turawan da suka kawo kuɗi Legas suka kwashe abinsu. A nan gida kuma bankuna sun ranta wa mutane kuɗi don su sayi hannun jari, da farashi ya faɗi kowa ya shiga sayarwa don ya biya bashi. A Agustan 2009 sabon gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar. A 2011 aka ƙwace lasisin wasu uku, ɗaya daga cikin nawa yana ciki. Wannan takarda ta mutu murus. Na yi wata guda abinci ba ya min daɗi, don bijiman nan na iyali ne, ba nawa ni kaɗai ba.

Amma ɗayan bankin ya rayu. Shekaru bayan haka 'yata ta ɗauki satifiket ɗin, ta cike min fom na biyan riba kai tsaye ta asusu, aka haɗa da lambar BVN. Ina zaune a ƙofar gida bayan la'asar sai ga saƙon kuɗi, ribar shekarun da ban karɓa ba. Saboda haka kada ka bari gara ta ci takardun Babanku. Ku nemi takardar gado daga kotu, ku sami dillali mai rajista, ya duba muku waɗanne ne ke da rai.

Mai sayar da kayan gini, hanyar Bauchi:
Malam, Allah ya saka da alheri, ka tuna min da abin da na manta. Ni ɗan Bajoga ne, a gaban idona tirelolin simintin Ashaka suke wucewa tun ina yaro. Masana'antar nan ta fara aiki a 1979, kuma dattawanmu da yawa da suka yi aiki a can sun riƙe hannun jarinta, har aka cire ta daga kasuwa a 2017 ta shige ƙarƙashin kamfanin siminti na Lafarge gaba ɗaya. Ita ma Lafarge ɗin, a ƙarshen 2024 masu ita suka amince su sayar wa kamfanin Huaxin na ƙasar Sin.

Ga yadda nake lissafina, ɗan'uwa mai tambaya. Ba na auna riba da naira, da buhun siminti nake aunawa. Ƙarshen 2022 ma'aunin kasuwa yana 51,000 da ɗoriya, ƙarshen 2023 ya kai 74,000 da ɗoriya, ƙarshen 2024 ya wuce 102,000. Ka ga ya ninka ke nan cikin shekara biyu, abokin aikinka bai yi ƙarya ba. To amma a shagona buhun da nake sayarwa wajen naira 4,500 a farkon 2023, a 2024 na sayar da shi sama da 9,000. Wanda ya sa kuɗin buhu ɗari a kasuwa, ya fito da kuɗin buhu ɗari. Wanda ya bar nasa a asusun ajiya kuwa, buhu hamsin ya tarar. Wannan shi ne amfanin da na gani da idona: ta tsare min kuɗi, amma ban zama attajiri ba.

Ina da hannun jarin kamfanonin siminti biyu, kuma dalilina ɗaya ne, sana'ata ce. Idan damina ta ja baya magina suka fara cika shago, na sani tun kafin a buga a jarida. Idan rodi ya yi tsada mutane suka tsaya a linta, shi ma na sani. Dubi bayan Tumfure ɗinku zuwa Shongo, shekara goma da suka wuce gonaki ne. Sai dai ka lura, yawan gini ba kullum yake zama ribar kamfani ba. Gas da kwal da gyaran injina duk suna cin kuɗi, wasu ma da dala.

Maganar fuloti kuma, ina da biyu, sun tashi sosai. Amma da matata ta kwanta rashin lafiya sai da na yi wata huɗu ina neman mai saye, kowa ya ji kana cikin matsi sai ya karya farashi. Hannun jari cikin 'yan kwanaki na mayar da shi kuɗi.

Mai kantin magani, Jekadafari:
Alhaji ya yi gaskiya, abin da ka sani shi za ka saya. Ni ɓangaren lafiya zan yi magana. A watan Agustan 2023 kamfanin magani na GSK ya sanar zai daina harkarsa kai tsaye a Najeriya, Sanofi ma ya bi baya. Ban manta wata baiwar Allah da ta zo sayen abin shaƙa na asma wa ɗanta ba. Da na faɗa mata sabon farashi sai ta kwance bakin zaninta, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, ta tsaya tana kallona. Na ba ta bashi, amma daren nan ban yi barcin kirki ba.

Daga lokacin na ga kantata tana canza kama. Inda magungunan waje suke, na gida suka maye, irin na Fidson da May & Baker da Emzor. Likitoci ma suka koma rubuta su. Sai na ce tunda ni nake ganin abin da ke fita, bari in sa naira dubu 250 a biyu daga cikin waɗanda ke kasuwar hannun jari. Alhamdulillahi, ban yi nadama ba. Amma ƙanina, ka san wannan: yawancin sinadaran da suke haɗa magani da su daga Indiya da Sin ake shigo da su, da dala. Ranar da naira ta faɗi, su ma suna ji a jikinsu. Kuma ƙanana ne, wani lokaci ka sa a sayar maka a yi kwanaki ba mai saye a farashin da kake so. Kada ka sa kuɗin makarantar yara a nan.

Ɗalibi, Pantami:
Ni tambaya ce da ni, iyayena. Duk wannan ya halatta kuwa? Malam ya ambaci bankuna, mu kuma an koya mana ribar banki riba ce ta kuɗin ruwa da aka haramta.

Ma'aikacin banki, Federal Low-cost:
Tambayarka a kan hanya take. Hukunci na malamai ne, ka je ka zauna da wanda ka amince da iliminsa. Abin da ni na yi shi ne na fita daga bankunan ruwa da kamfanonin giya gaba ɗaya. Kasuwar tana da ma'aunin Lotus na Musulunci, wanda ke tace kamfanoni ta fuskar sana'arsu da yawan bashin ruwan da ke kansu, da shi nake duba suna kafin in saya. Bankin Jaiz ma yana kasuwar tun 2017. Sannan akwai Sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari bisa tsarin Musulunci. Na farko ya fito a Satumban 2017, naira biliyan 100, na shekara bakwai, aka yi hanyoyi da kuɗin, ana biyan haya duk wata shida. Na shiga wancan, an biya ni kan lokaci har wa'adinsa ya cika a 2024. Sai dai naira dubu 500 da na sa a 2017 da wadda aka dawo min da ita, in aka bi lissafin buhun Alhaji, ba ɗaya ba ne. Zakka kuma ina fitarwa duk shekara, ɗaya bisa arba'in, kada a manta da ita don kuɗin ba sa hannu.

Mai gyaran kwamfuta, Herwagana:
Ni ne na Amurka ɗin da ake faɗa. Na fara a ƙarshen 2021 ta wata manhaja mai rajista, dala ashirin, dala hamsin, yadda ta samu. Kuskurena na farko, na bi labari. Kowa na maganar rigakafin korona, sai na sayi wani kamfanin rigakafi yana can ƙololuwa. Annoba ta lafa, ciniki ya ragu, ya zube fiye da rabi. Sannan 2022 ta zo, babban bankin Amurka ya yi ta ƙara kuɗin ruwa, ma'aunin S&P 500 na manyan kamfanonin Amurka ya faɗi da kusan kashi 19 cikin ɗari. Na daina buɗe manhajar kwata-kwata.

Abin da ya cece ni ba wayona ba ne. A watan Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yanke mata farashi, dalar gwamnati ta tashi daga wajen naira 460, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Duk da asarar da na yi a dala, da na mayar naira sai na ga riba. Amma takobin nan kaifi biyu gare shi, idan naira ta farfaɗo kai ne a ƙasa. A Afrilun 2025 da Trump ya sanar da harajinsa kan kayan ƙasashe, cikin kwana biyu na ga aikin wata shida ya narke, daga baya kuma ya dawo. Yanzu na bar zaɓen kamfani ɗaiɗai, asusun da ya haɗa kamfanoni da yawa nake saye kaɗan-kaɗan duk wata.

Ɗan kasuwa, Tudun Hatsi:
Da a bara waccan aka yi wannan hira, da na ce ku bar duk wannan ku sayi masara ku ajiye. Shekaru muna yi muna samu. A 2024 na cika sito da tsada, gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da hatsi ba haraji, sabon amfani ya fito da yawa, farashi ya karye a 2025. Na sayar ƙasa da yadda na saya, ga kuɗin sito, ga maganin ƙwari. Har yanzu ban gama farfaɗowa ba.

Mai ɗinki, Kumbiya-kumbiya:
Ni gargaɗi kawai zan yi, don abin ya ci ni. Wata ƙawata ta sa ni a wata manhaja, aka ce hannun jarin waje ne, kuɗi na ninkawa cikin kwana talatin. Sau biyu na cire ƙananan kuɗi lafiya, sai na zuba kuɗin sabon keken da nake tarawa, dubu 320. Ranar wata Litinin na tashi abin ya ƙi buɗewa, har yau. Yaya, duk wanda zai karɓi kuɗinka, ka fara duba sunansa a jerin hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, kuma ka tabbata an buɗe maka asusun CSCS, inda ake ajiye hannun jari, da sunanka.

Ma'aikacin gwamnati, Tumfure:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya mai ɗinki da Alhaji na Tudun Hatsi, Allah ya mayar muku da mafi alheri.

Baba Malam, jiya da dare na sa Inna ta buɗe akwatin. Huɗu na bankuna ne, ɗaya na kamfanin inshora, ɗaya kuma na Ashaka, har da ɗan rubutun Baba da jan biro a bayan ambulan. Inna ta daɗe tana riƙe da shi. Na yi magana da yayyena, ranar Litinin za mu fara neman takardar kotu.

Kuɗin gonar kuma na yanke shawarar raba su. Miliyan ɗaya ba zan taɓa ba, saboda lalura. Ɗaya zan jira Sukuk na gaba. Sauran zan shiga siminti da magani a hankali, ba rana ɗaya ba. Na Amurka sai na ƙara fahimta tukuna. Alhaji mai kayan gini, idan ba damuwa zan biyo shago ranar Asabar bayan azahar, ka nuna min yadda kake karanta rahoton kamfani, in zo da takardar Ashakan ma ka gani.