Bes mara firet: in saya, ko in cire ƙarafunan tsohuwar tawa?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kafin Juma'a. Ina kaɗa jitar bes a wata 'yar ƙungiya, muna zuwa biki da dina, wani lokaci kuma a kira ni situdiyo a Zoo Road. Wani da zai bar gari ya yi mini tayin bes ƙirar Squier mara firet, wato ba ta da ƙarafunan nan da ke gicciye a wuyan jita, tsirkiya huɗu, mai layuka a gurbin ƙarafunan, naira dubu 170. Na taɓa ta, wannan sautin mai zamewa ya shiga raina. To amma ina da tsohuwar bes a jingine, wani ya ce dubu 15 ta isa a cire mata ƙarafunan. Adashi na ɗauka, babu wani kuɗin bayansa. Ba ni da halin zuwa Legas, don Allah kada a ce mini Legas. Wanda ya taɓa yin ɗaya daga ciki ya gaya mini yadda ya kwashe.

Na Kurna: Wa alaikumus salam. Ka hau mota ka tafi kasuwar Alaba ta Legas kawai, a can za ka zaɓa ka darje. Ni dubu 95 na sayo tawa.

Ɗan Fagge: Yaya, ka karanta kuwa?

Injiniyan Sauti: Dubu 95 a wace shekara? Kafin a cire tallafin mai a 2023 ko bayansa? Yanzu ko ta hannu ce, in ta gaske ce ba jabu ba, ba ka samun ta ƙasa da dubu 250. Wannan 170 ɗin ma ita ta sa na yi shakka. Ka leƙa bayan kan jitar ka ga lambar, ka duba ko tambarin manna shi aka yi.

Autan Gwale: Ni dai in ka ji ta tawa, mai tsirkiya biyar za ka saya. Waƙoƙin yanzu ƙasa suke so.

Mai Rabon Wahala: Ɗan'uwa, kada ka bari kowa ya taɓa wuyan jitarka. Ni ganau ne. Bes ɗina ta farko, da ita na koyi kiɗa, da ita na tara kuɗin aure. Aka haɗa ni da wani mai gyara, wai ya iya. Ashe kafinta ne mai haɗa gado da kabet. A tsakiyar hunturu muka kai masa, katako ya bushe ƙarau. A gabana ya ɗauko fincis ya kama ƙarfen farko ya fizge. Na ji ƙas! Wani ɗan ɓallin katako ya biyo ƙarfen ya faɗi a kan takalmina. Na ce malam lafiya? Ya ce kada in damu, sanfefa za ta gyara. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wuyan nan duk ya zama gatsa-gatsa. Ramukan kuma ya kwaɓa garin katako da gam ya cusa, ya kawo fentin kujera mai sheƙi ya malala. Ranar da na karɓa tana walƙiya, har hoto na yi mata. Ba a jima ba wuyan ya lanƙwashe gaba, tsirkiya ta yi sama, sai ka danna da ƙarfin tsiya. Na koma, ya sa alanki ya yi ta murɗa rodin da ke cikin wuyan har ya ƙwace, yana juyawa a banza. Sai cewa ya yi dama jitar ta tsufa.

Ban ƙare ba. Da ita na je wata dina a Nassarawa don ba ni da wata. Mai fiyano yana kan ki ɗinsa, wato matakin sautin waƙar, ni ina wani gari daban. Mawaƙiyar ta waiwayo ta harare ni a gaban amarya da ango. Daga ranar ba su sake kirana ba. Tana nan a saman silin, ko kallon ta ba na son yi.

Zabiya: Allah sarki. Amma tsakani da Allah in ni ce ma sai na harare ka. Bes in ta kauce, mai waƙa ake gani kamar ita ce ba ta iya ba.

Ɗalibin Jaco: Yaya, yi haƙuri, amma matsalarka kafinta ce, ba cire firet ba. Shahararren ɗan bes Jaco Pastorius da kansa ya cire na Fender Jazz Bass ɗinsa ƙirar 1962, ya cike ramukan, ya shafe wuyan da irin gam mai tauri da ake shafa wa jirgin ruwa, kuma da ita ya yi kiɗa a ƙungiyar Weather Report duniya ta san shi. Aikin yana da ƙa'ida. Ana ɗumama kowane ƙarfe da ƙarfen soda kafin a ɗaga shi a hankali. Ramin kuma siririn katako ko roba mai tauri ake yankawa daidai a sa, domin waɗannan ƙarafunan suna tokare wuyan, in ka bar ramin da abu mai laushi dole ya lanƙwashe. Sannan a rage tsayin ɗan ƙashin nan na sama inda tsirkiyoyi ke hawa, in ba haka ba za su yi nisa da katako.

Baban Bes: Yaro, a waya ka gani ko da hannunka ka yi?

Ɗalibin Jaco: Baba, gaskiya ai gaskiya ce ko a ina aka samo ta.

Baban Bes: To madalla. Ni tun ana kiɗan ƙungiya a otal-otal na Sabon Gari nake riƙe da bes, lokacin ba a haife ka ba. Abin da ka faɗa daidai ne, ban musa ba. Amma nuna mini mutum ɗaya a garin nan da zai yi wannan aikin a dubu 15. Kuma Baturenka bai san hunturun Kano ba. Nan katako sau biyu yake motsi a shekara: ya tsuke da sanyi, ya kumbura da damina. Mai firet tana yafe maka ɗan wannan. Mara firet, tsirkiya kusa da katako take kwanciya, wuya ya ɗan motsa kaɗan ka ji zizar ta canja ko ta mutu.

Ɗan Fagge, ɗana, saurara. In za ka duba ta mutumin nan, ɗaga ta ka hango wuyan daga kai zuwa gindi. Sa alanki ka tabbata rodin yana amsawa, kwatan zagaye kawai, kada ka wuce. Ɗaga tsirkiyoyin ka duba ƙarƙashinsu: in masu kaushi ya yi ta amfani da su, za ka ga sun ci katakon sun yi kwari. Masu santsi su ne ba sa ci, sai dai sautinsu ya fi duhu. Kuma yatsa a kan layin ake sa shi cif, ba a tsakanin layuka ba yadda ka saba. Layin ma ido yake taimaka wa, kunne ne mai aikin. A filin biki, janareta na ruri, sifika a bayanka, ba ka jin kanka, a nan ake gane wanda ya iya.

Na Kurna: Duk wannan wahalar ta mece ce? Ka sayi gurmi dubu biyar, shi ma ba shi da firet.

Autan Gwale: Hhhh, ya haɗa shi da amfilifaya ya shiga dina da babbar riga.

Baban Bes: Kuna dariya, amma ku duba: garaya, molo, gurmi, goge, kukuma, wanne ne mai ƙarfe a wuya? Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya ya yi suna da kuntigi. Ita kanta bes ta lantarki ba ta yaɗu ba sai da kamfanin Fender ya fito da tasa mai firet a 1951, kafin nan babbar bes ta tsaye ake kaɗawa, wuyanta sumul. Kunnen Bahaushe bai baƙunci wannan ba, mu ne muka sangarce.

Ɗan Fagge: Na gode Baba. To in saya ke nan?

Mai Fiyano: Tambayar da ba wanda ya yi maka: wa zai biya ka kuɗin wannan sautin? Ni a situdiyo nake kwana. Bes ɗin waƙoƙin fim da na siyasa duk a fiyano muke buga ta, akwai muryar mara firet a ciki ma, da ɗan maɓallin jan sauti. Minti kaɗan an gama.

Injiniyan Sauti: Shi ya sa duk waƙoƙinku ƙasansu iri ɗaya ne.

Mai Fiyano: Oga, mai waƙa ya zo da kuɗin kiɗa da ɗaukar murya a dunƙule, yana ciniki kamar zai yi kuka. In cire na ɗan bes daga ina? Daga aljihuna?

Mai Rabon Wahala: Ko an kira ka ma ba biya ake ba. Wani mai situdiyo ya sa na kaɗa masa waƙoƙi har dare ya raba, ya ce in mai waƙar ya kawo ciko zai neme ni. Waƙar har a Adaidaita Sahu nake jin ta, ina zaune a baya ina jin hannuna, ko sisi.

Zabiya: Ku ma kun samu. Mu 'yan amshi kuɗin mota ake ba mu, wataran a ce mu yi haƙuri. A biki kuma a yi ta liƙi, yaran mai waƙa su tattare a buhu, ka ji shiru.

Na Kurna: Biki nawa ne ma ake kiran makaɗa yanzu? DJ ɗaya da kwamfuta ya kore mu duka.

Baban Bes: Laifinku ne, ba ku da tsayayyen farashi. In na ce dubu 20, wani yaro ya zagaya ya ce a ba shi biyar da abinci.

Ɗalibin Jaco: Baba, da wa kake?

Baban Bes: Wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Ɗan Fagge: Jama'a, mutumin ya kira ni yanzu, wai wani ya taya 180. Baba, in na turo maka hoton wuyan za ka iya ganewa?

Autan Gwale: Ƙarya yake, babu wanda ya taya. Ka ce masa 120. Mai Fiyano, wai wane situdiyo ne ke neman ɗan bes mai tsirkiya biyar? Ina da lokaci ranar Asabar.