In bai yi magani ba, ba zai cutar ba?

Malamin makaranta: Jama'a, ni dai har gobe ina kan bakana: maganin itatuwa ya fi ƙwayar asibiti aminci. Ganye ne da saiwa da sassaƙe, yadda Allah ya halicce su. In bai yi maka magani ba, ba zai cutar da kai ba. Ƙwaya kuwa, buɗe takardar da ke cikin kwalin ka karanta jerin illolinta, sai gabanka ya faɗi.

Mai harhaɗa magunguna: Malam, to zaƙami fa? Shi ma ai tsiro ne. Wanda ya sha 'ya'yansa bakinsa zai bushe ƙayau, ƙwayar idonsa ta buɗe, zuciyarsa ta yi ta bugawa da sauri, ya riƙa sambatu yana cafkar abin da babu. Irin sinadarin da ke cikinsa, atirofin, shi ne a asibiti ake yi wa wanda ya sha wasu magungunan ƙwari allurarsa don a ceto ransa, amma da awo. Takardar da ta tsorata ka kuwa, an rubuta ta ne saboda an gwada maganin an ga abin da yake yi. Ƙullin ganye ba ya zuwa da takarda, shi ya sa kake ganin kamar ba shi da laifi.

Baba mai magani: 'Yata, kin je kin ɗauko mafi sharrin cikinsu. Maganin zazzaɓin cizon sauro da kuke tinƙaho da shi, daga ina ya fito? Ba daga tazargade ba?

Mai harhaɗa magunguna: Daga nan ne, Baba, ba na ja da kai. Wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ita da abokan aikinta suka ciro sinadarin a 1972, har ta samu kyautar Nobel a 2015. Wani tsohon littafin maganin gargajiyarsu ne ma ya buɗe mata ido. A ciki an ce a jiƙa ganyen a matse a sha ruwan, ba a ce a tafasa ba. Nan ta gane zafi na iya lalata abin da take nema. Kinin ma, wani tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro, daga ɓawon itacen sinkona aka ware shi a Faransa a 1820. Amma duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a sha jiƙon tazargade a madadin ƙwayar ba, domin ƙarfin ganyen yau daban, na gobe daban. In ya yi rauni, ƙwayoyin cutar ba su mutu duka ba, waɗanda suka tsira su ne ke zama masu taurin kai.

Ɗalibi: Ku ba ni dama in sa baki, iyayena. A farkon shekarun 1990 a Beljiyam, mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace bayan shan maganin rage ƙiba mai haɗin ganyayyaki. Da aka bincika, ashe an musanya wani tsiro da wani mai suna Aristolochia. Wasu sai da aka yi musu dashen ƙoda, wasu daga baya sankara ta kama su.

Malamin makaranta: Wannan ai kuskuren mutum ne, ɗana, ba laifin itace ba.

Nas: To Malam, garin da ke hannunka, ta ina za ka san ba a yi irin wannan kuskuren a kansa ba? An daka an tankaɗe, ganye ya ɓace. Ni abin da ya fi damuna ma haɗi ne. Akwai wani ganye da ake sha a Turai da Amurka don damuwa, St John's wort. Shi kaɗai ba ya da wani abin tsoro sosai, amma yana sa hanta ta yi saurin fitar da wasu magunguna daga jiki: na tazarar haihuwa, na tsinka jini, har da wasu na ƙanjamau. Mutum na shan ƙwayarsa kullum, alhali ba ta aiki. Kuma in ka tambaye shi me yake sha bayan namu, sai ya ce babu komai.

Baba mai magani: Me zai sa ya faɗa? Da ya ambaci jiƙo sai ku yatsine fuska kamar ya yi saɓo. Wanda ya gaji sana'ar nan ya san abin da ba a ba mai ciki da abin da ba a ba jariri. Masu ɓata mu su ne masu kwalba ɗaya maganin cuta arba'in.

Mai harhaɗa magunguna: Wannan kam ka kama mu, Baba. Yatsinar tana nan, kuma ita ke sa a ɓoye mana.

Malamin makaranta: To tunda an zo nan, Hajiya, ni ma ina shan ƙwayar hawan jini, kuma da safe nakan kaɗa wani gari in sha. Wata uku ke nan, ban ji komai ba.

Mai harhaɗa magunguna: Hawan jinin ma ai ba a jin sa, Malam. Me da me ke cikin garin?

Malamin makaranta: Wallahi ban tambaya ba.

Baba mai magani: Af! Koma wurin wanda ya ba ka, ya lissafa maka itatuwan ɗaya bayan ɗaya. In ya ƙi faɗa, ajiye shi.

Nas: Kuma in za ka zo awon jini, ka taho da ƙullin da kwalin ƙwayar duka biyun.