Neman kalmar Hausa: me za mu kira "synchro" ta tele?

Mai shirin rediyo, Yamai: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman taimako kafin Juma'a da la'asar, lokacin da za mu ɗauki shirinmu na sana'o'in matasa. Baƙonmu mai gyaran tele ne a kasuwar Katako, nan Yamai. Zai yi bayani a kan wata tsohuwar kwamfuta, Commodore 64, irin wadda ta fara fitowa a 1982, da wani ya kawo masa daga Najeriya. Irinta ba ta da allon kanta, da tele ake haɗa ta. Da aka haɗa, hoto ya fito amma sai gudu yake daga ƙasa zuwa sama. Mai gyara ya ce matsalar synchro ce. Ba zan iya jefa wa mai sauraro na Filinge ko Dogon Dutsi wannan kalma in wuce ba. Me za mu ce?

Mai gyara, Katako: Wa alaikumus salam Hajiya. Bari in fara faɗin abin, sannan malamai su raɗa masa suna. Tele ta da, mai ƙaton baya, layi-layi take zana hoto, daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa. A tsarin da muke da shi layi 625 ne, tana sauka allon sau 50 a daƙiƙa. Kwamfuta tana aiko mata alama iri biyu tare da hoton: ɗaya a ƙarshen kowane layi, sau 15,625 a daƙiƙa, ɗaya kuma in an kai ƙasan allo, ta ce koma sama. In ta biyun ta ɓace wa tele, hoto ya yi ta birgima. In ta farkon ce, hoto ya yage ya koma zane-zane a karkace. Mu a rumfa sankuro muke cewa, kowane yaro ya gane.

Mai fassara, Yamai: Daidaito. Ko daidaitawa in aikin ake nufi.

Ɗalibi a jami'a: Yaya, daidaito ya yi faɗi. Murya ma ana daidaita ta, haske ma haka. Nan lokaci ne ake magana. Ni zan ce daidaiton lokaci.

Mai shirin rediyo: In na ce daidaiton lokaci, agogo za a yi ta dubawa, ƙanena.

Mushe (malamin makaranta) mai ritaya, Tawa: Ɗiyata, kalmar tana nan tun kakanninmu, ba sai an ƙera ba. Lugude na. Mata ukku cikin turmi guda, kowace ta san lokacin da taɓaryatta za ta sauka, in guda ta kuskure duk daka ya watse. Wanga shi na abin da mai gyara ya faɗi. Ku ce luguden tsaye da luguden kwance. Shekaru na yi ina koyar da Hausa a makarantun gwaji, ban taɓa ganin kalma ta zauna ma abu kamar wagga ba.

Mai gyara: Baba, kalmar ta yi daɗin ji. Amma a lugude wannan na ɗagawa waccan na saukewa. Tele da kwamfuta kuwa tare suke fara layi, tare suke gamawa.

Mai fassara: Akwai kuma abin da ya fi wannan, Allah ya gafarta Malam. Yau in aka ce lugude a rediyo, luguden wuta ake ji, na labarun yaƙi. Ga shi ana maganar na'urar da ke aiki da wuta. Mai sauraro zai zaci telen ce za ta fashe.

Mushe mai ritaya: To don ƴan jarida sun ɗauke ta sun kai fagen fama sai mu bar musu? Mata ba su daina lugude ba a Adar. Abin da ke ci mini rai shi na wanga sankuro. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ita ta harshen ƙasa, kuma muna da ƙa'idar rubutu tun 1999. Sannan mu zo gidan rediyo muna lanƙwasa Faransanci muna kiran shi Hausa?

Wani daga Katsina: Mu dai a nan masu gyara sink suke cewa. Kuma ina ganin ku bi abin da aka saba a kafofin Hausa na duniya, kamar yadda kowa ya karɓi kwamfuta da talabijin.

Ɗalibi: Wane kowa? A Yamai tele muke cewa, a ofis ordinatar. Kwamfuta Ingilishi ce da aka lanƙwasa, tele Faransanci ce da aka lanƙwasa. Me ya sa aron ku ya zama Hausa, namu kuma ya zama gurɓata?

Wani daga Katsina: Ban ce gurɓata ba. Na ce littattafai sun fi yawa a wajenmu, kuma daidaitacciyar Hausa a kan ta Kano aka gina ta.

Mushe mai ritaya: Yawan takarda ba shi na asali ba. Je ka Tawa, je ka Konni, ka ji Hausar da ba ta jira izinin kowa ba. Kuma ku duka biyu aro kuke karewa, ni kalmar gida na kawo.

Mai shirin rediyo: Don Allah Baba, don Allah ƴan uwa. Minti 20 gare ni a iska, kuma abokin aikina zai mai da shirin cikin Zabarmanci daga abin da na rubuta. Mu koma kan tele.

Mai gyara: Hajiya, ga abin da nake tsoro. In kuka ba kalmar ma'ana mai faɗi, yara za su riƙa ɗora mata kowace cuta ta hoto. Ita wannan kwamfutar, da na murɗa ɗan maɓallin da ke bayan tele, hoto ya tsaya cak, amma fari da baƙi. Wannan ba sankuro ba ce. Telen tsohuwa ce ta nan, tsarin launinta SECAM irin na Faransa, kwamfutar kuwa PAL take fitarwa, wanda Najeriya da Ingila suka bi. Layi ɗaya, gudu ɗaya, shi ya sa hoto ya tsaya, sai dai ba su jin yaren launin juna. Da ta Amurka ce mai NTSC, sau 60 a daƙiƙa take aikowa, hoto zai birgima a tele masu yawa ko ba abin da ya lalace. Allo baƙi ƙirin kuma wata magana ce: ka fara auna taransifon da ke ba kwamfutar wuta da mita, ya kamata ya ba da volt 5, domin tsofaffin nan in sun gaji sukan haura su ƙone ƙwaƙwalwar. In haruffa suka fito a hargitse, can ma ƙwaƙwalwa ake fara zargi. Kuma ki faɗa a rediyo da babbar murya, kada yaro ya buɗe bayan irin wannan tele ya sa hannu, tana riƙe wuta mai kisa ko an zare ta daga kuran.

Mai fassara: Maigida, yadda ka faɗa ɗin nan ya ba ni wata: taku. Kwamfuta na ba da taku, tele na bi. In hoto na birgima, a ce tele ta rasa taku. Alamun biyu kuma, takun layi da takun allo. Ba sai an shiga tsaye da kwance ba, waɗanda ke rikita ni kaina, tunda layin kwance yake amma birgimar a tsaye take.

Ɗalibi: Takun layi, takun allo. Wannan ta shiga baki. Ana iya cewa ta kama taku in an gyara.

Mai gyara: Zan iya faɗin ta rasa taku ba tare da na ji na yi wa sana'ata ƙarya ba. Amma yaron da zai je sayen kayan gyara ko ya karanta takardar tele, synchro zai tarar a rubuce. Dole a ambace ta.

Mushe mai ritaya: Taku Hausa ta, ban musa ba. Sai dai mutum guda ma yana da taku, alhali wanga aiki na biyu na. Lugude ba ya yiwuwa sai da abokin yi. Nan ta fi taku, ko kun ƙi ko kun so.

Mai shirin rediyo: Gaskiyarka a nan, Baba. Ga abin da zan yi: a farkon shiri zan ce haɗin taku, abin da masu gyara ke kira sankuro, sau ɗaya. Daga nan sai takun layi da takun allo har ƙarshe. Maganar PAL da SECAM zan bar su da sunayensu, in ce tsarin launi. Saura ɗigo-ɗigon nan fari da ke cika allo in an haɗa ta ta kafar eriya ba a kamo tasha ta 36 da kwamfutar ke aiko hoto a kanta ba, wanda Faransawa ke kira neige. Na ji yayyafi, na ji tsaki, ban zaɓa ba.

Wani daga Katsina: Yayyafi. Amma haɗin taku ba za ta kama a wajenmu ba sai an ji ta a manyan tashoshi.

Mushe mai ritaya: Ki yi shirinki ɗiyata, Allah shi ba da sa'a. Ni cikin kundina lugude na rubuta, kuma ba ni gogewa. Na ɗigo-ɗigon kuwa tsaki na, kada ki saurari yayyafi.