Neman kalma: me za mu kira duwatsun nan na Bosniya?

'Yan uwa masu harkar fassara, ga abin da ya tsaya mini a wuya tun jiya. Ina rubutu kan wasu sassaƙaƙƙun duwatsu da aka ɗora a kan matattu a yankin Balkan na kudu maso gabashin Turai, daga ƙarni na 12 zuwa na 16. Masu ƙasar suna ce wa ɗaya stećak, daga kalmarsu ta tsayuwa. Sun kai wajen 70,000, kuma kusan 60,000 a Bosniya suke. A 2016 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wurare 28 da duwatsun suke a cikin jerin kayan tarihin duniya: 20 a Bosniya, sauran a Sabiya da Montenegiro da Kuroshiya. Da Hausa fa, me sunansu?

Da na yi wannan tambaya, mutum na farko da ya amsa ya ce hubbare. Allah ya gafarta malam, a nan ban bi ka ba. Hubbare gini ne, ana shigarsa, kuma galibi na babban malami ne ko sarki. Waɗannan kuwa dutse ne guda, curi ɗaya na farar ƙasa, ba ƙofa ba taga, a fili ruwa na dukansa.

Sai aka kawo allon kabari. Wannan ya ja ni, don ga daɗin faɗi. Amma da ka ce allo, mai karatu ya hango abu falle, da rubutu a fuskarsa. To kaɗan ne ƙwarai cikin duwatsun nan ke da rubutu. Siffarsu ma daban-daban: akwai shimfiɗaɗɗu, akwai masu kama da akwati, akwai waɗanda aka sassaƙa samansu kamar rufin ɗaki mai doro. Wani sai mutane da yawa da shanu kafin ya gusa. Abin da ke jikinsu zane ne: jinjirin wata, farautar barewa, mahaya, mutane riƙe da hannun juna suna rawa a da'ira. A Radimlja, kusa da garin Stolac, akwai mutumin nan da aka sassaƙa ya ɗaga hannun dama, tafinsa ya fi kansa girma. Ka kira wannan allo ka rage masa daraja.

Alamar kabari ma na ji, kuma tana da hujja, don a rubutun da ke jikin wasu duwatsun an kira su bilig, wato alama. Sai dai alama ta yi faɗi. Ice ma alama ne, guntun tukunya ma haka.

Ni dai na tsaya a kan dutsen kushewa, jam'i duwatsun kushewa. Wata 'yar uwa ta ce ai kushewa da kabari ɗaya ne, me ya sa zan tono tsohuwar kalma? Tsufan nata nake so, Hajiya. Kabari kalma ce ta yau, tana zuwa da makoki da ta'aziyya. Kushewa a kunne tana da nisa, ta mutanen da ba wanda ya san jikokinsu. Kuma ba ta ɗauki ɓangaren addini ba, abin da ya dace a nan, tunda 'yan Katolika da 'yan Otodoks da mabiya tsohon Cocin Bosniya duk an binne su ƙarƙashin irin wannan dutse.

Kalmar ta kuma warware mini wata matsalar. Filin da suke sai in ce kusheyi, in bar maƙabarta ga inda har yanzu ake kai gawa. Bambancin yana da amfani wajen maganar kariya: maƙabarta dangi ne ke tsaron ta, kusheyi kuwa sai doka. A Radimlja, zamanin mulkin Ostiriya da Hangari, hanya aka ratsa ta tsakiyar wurin, wasu duwatsun suka salwanta.

Idan ana son fayyace masu zane, a ce sassaƙaƙƙen dutsen kushewa. Ya yi tsawo, na sani, amma sau ɗaya za a faɗe shi a farkon rubutu. Haka zan sa a nawa, in ba wani ya zo da wadda ta fi kafin Juma'a ba.