Bakina ya bushe tun da al'ada ta dauke, ko akwai mai irin wannan?

Maman Biyu:
Salam yan uwa dan Allah ku taimaka min. Shekarata 49, wata takwas kenan banga al'ada ba, tun lokacin bakina kullum a bushe kamar ina azumi, cikin dare sai na tashi shan ruwa sau uku, harshena na zafi kamar na kurbi shayi mai zafi, in nayi burushi kuma dasashi na jini. Ko biskit bana iya hadiyewa sai da ruwa wlh abin ya dameni.

Anti Nas:
Wslm sannu yaya. Eh yana faruwa, yawanci tsakanin shekara 45 zuwa 55 sinadarin istirojin na jikin mace, mai daidaita al'ada, yana raguwa, shi ke sa yawu ya ragu. Kuma yawun nan shi ke wanke baki yana kashe tsamin da ke cin hakori, in babu shi sai kogon hakori da warin baki su biyo baya, har kashin da ke rike hakora yana iya laushi. Amma ki fara yin gwajin suga tukuna, ciwon suga ma haka yake busar da baki, wasu magungunan hawan jini da Piriton (maganin mura da kaikayi) ma haka.

Hajiya Babba:
Sannu kanwata nima nayi fama dashi. Gorar ruwa nake ajewa gefen gado ina kurba kadan kadan, na rage goro, ina tauna cingam mara suga, ina burushi da makilin mai fuloraid (sinadarin da ke kare hakori daga rubewa) safe da dare. Jinin dasashin nan kar ki bari, kije wajen likitan hakori ya wanke miki.

Maman Biyu:
Nagode Allah ya saka, gobe zanje gwajin sugan insha Allah.