Sa burauza ta tashi kai tsaye a yanayin sirri: wace hanya ce ta fi riƙewa?

Mai shagon buga takardu, Ringim:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Lokacin duba sakamakon JAMB da NECO kwamfuta ɗaya ce ke ɗaukar mutum bayan mutum. Wani zai shiga Gmail ɗinsa ya tashi bai fita ba, na bayansa ya zauna ya tarar da akwatin a buɗe. Ctrl da Shift da N suna buɗe Incognito, wato yanayin sirri na Chrome da ba ya riƙe abin da aka shiga, amma yaran shago mantawa suke. Wanda ya san hanyar da Chrome za ta riƙa tashi a Incognito da kanta, ya taimaka.

Mai gyaran kwamfuta, Dambatta:
Wa alaikumus salam, Alhaji. A Windows abu ne na minti biyu. Ka ɗora linzami a kan alamar Chrome da ke fuskar kwamfuta, ka danna ɓangaren dama, ka zaɓi Properties. Akwai layin da aka rubuta Target, ƙarshensa chrome.exe ne da alamar zance a bayansa. Bayan wannan alamar zancen ka bar fili ɗaya, ka rubuta -incognito, ka danna Apply. Idan Edge ce, -inprivate za ka rubuta. Firefox kuma -private-window.

Wuri uku ake yawan faɗuwa. Wasu na cusa kalmar a cikin alamar zance, sai Windows ta ce sunan da ke Target ba daidai ba ne. Wasu na manta filin. Na ukun ya fi wahalar ganewa: mutum ya kwafo rubutun daga Word ko daga saƙo, gajeren layin nan ya rikiɗe ya zama dogo, ido ba zai lura ba, Chrome kuwa za ta buɗe yadda ta saba. Da hannu za ka buga shi, maɓallin da ke kusa da sifiri. In ta nemi izinin mai kula da kwamfutar, ka danna Continue.

Mai shagon buga takardu, Ringim:
Allah ya saka da alheri, Malam. Ta fuskar kwamfuta ta yi, amma ta layin ƙasa har yanzu tsohuwar take buɗewa.

Mai gyaran kwamfuta, Dambatta:
Ai alamar ƙasa daban take, gyaran bai kai gare ta ba. Ka cire ta da Unpin, sannan ka maƙala wadda ka gyara a madadinta. Ka kuma sani, in an danna adireshi daga cikin PDF ko Word, Windows ba ta bi ta wannan alamar, don haka tagar da aka saba ce za ta buɗe.

Malamin kwamfuta a sakandare, Gwarzo:
Wannan kafar ce ta sa gyaran alama ba ya isar ɗakin kwamfuta na makaranta. Abin da ke toshe ta gaba ɗaya shi ne regedit, wato manhajar da ake gyara saitunan cikin Windows da ita. A ƙarƙashin HKEY_LOCAL_MACHINE ka bi SOFTWARE, Policies, Google, Chrome. In babu biyun ƙarshe ka ƙirƙire su. A ciki ka yi sabon DWORD, wato layin saiti da ake sa wa lamba, mai suna IncognitoModeAvailability. Lamba 0 ita ce yadda aka saba, 1 ta hana Incognito ɗungurungum, 2 ta tilasta shi ta kowace ƙofa aka shigo. Ka sa 2, ka rufe Chrome ka sake buɗewa. Za ta fara nuna cewa wata ƙungiya ce ke kula da ita, kada ka tsorata, wannan layin da ka sa ne. Wanda bai saba da regedit ba ya kira wanda ya saba, don goge abin da bai dace ba a can yana iya hana Windows tashi.

Firefox ta fi sauƙi nesa ba kusa ba: Settings, Privacy & Security, a wajen History ka zaɓi Never remember history. Shi ke nan.

Mai sayar da data da cajin waya, Babura:
Mu nan waya ta fi yawa, kuma sau da yawa ɗaya ce a gida, daga hannun maigida zuwa na yara. A Android ka danne alamar Chrome ka riƙe, za ka ga New Incognito tab ya ɓullo. Ka danne shi ma ka ja zuwa fuskar waya, ya zama alama mai zaman kanta. Sai ka ture ta asalin zuwa wani shafi. Daga Android 11 zuwa sama, a Privacy and security akwai maɓallin kulle shafukan Incognito, sai da zanen yatsa ko lambar waya za su sake buɗewa. Firefox Focus kuwa dama a sirrin take aiki kullum.

Abu biyu da mutane ke dawowa suna tambaya: Chrome ba ta barin a ɗauki hoton allo a Incognito, saboda haka mai son ajiye shaidar biyan kuɗi ya sauke ta a matsayin PDF. Sannan data ta fi tafiya, tunda ba a ajiye hotunan shafi, duk shiga sai an sake janyo su.

Malama mai cike wa mata fom, Kazaure:
Ku ƙara da maganar wuta. In NEPA ta ɗauke ana tsakiyar cike fom, Chrome ta yau da kullum za ta ce ko a dawo da shafukan, Incognito ba ta dawo da komai. Doguwar rajista, a fara rubuta bayanan a takarda ko Notepad, ko a yi ta a laftof mai batir.

Mai gyaran kwamfuta, Dambatta:
Gaskiyarki, Malama. Alhaji, ga abin da ya fi shafar matsalarka ta asali. Duk tagogin Incognito da ke buɗe zama ɗaya suke yi. Yaro ya rufe ɗaya alhali wata na laɓe a ƙasa, to Gmail ɗin kwastoman farko na nan daram, ko an buɗe sabuwar taga. Sai an rufe ta ƙarshe komai yake gogewa. Kuma abin da aka sauke ba ya tafiya: takardar NIN, sakamakon jarrabawa, hoton fasfo, duk suna zaune a Downloads har sai an goge su, a kuma zubar da Recycle Bin. Kamfanin layinka da shafin da aka shiga ma suna ganin zirga-zirgar, kwamfutar ce kawai ba ta riƙewa.

Malamin kwamfuta a sakandare, Gwarzo:
Hanyar tabbatarwa kafin wani ya zauna: ka buɗe Chrome ka shiga gmail.com. In ya nemi adireshi da kalmar sirri, an rufe da kyau. In ya wuce kai tsaye cikin akwati, akwai tagar da ta rage, ka danna Alt da Tab ka nemo ta.